Tafin Hannun Kaka Ladingo

Da sunan Allah mai shimfiɗa ƙasa, mai rataye sama ba da igiya ba, wanda ya yi tudu ya yi gangare, ya raba wa matafiya gumi kowa da rabonsa. Ku matso kusa ku ji, na tsaye ya nemi wuri ya zauna. Ni ne Korau ɗan Jatau, mai gyaran keke a bakin kasuwar Kwarin-Rimi, na Ladingo, mai cinyar ƙarfe, wanda tudu ke hangowa ya sunkuya. Na sha yawo a duniya, na shiga ƙasashen da ko sunansu bai taɓa zuwa kunnenku ba. Amma in ana maganar tafiya, guda ɗaya nake bugun ƙirji da ita, ita ce wadda na ɗauki kakata a kariyar keke na kai ta birnin Jangaru.

Kaka Ladingo ita ta haifi ubana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ka ɗaga ta ba ta fi ƙullin kayan wanki nauyi ba, amma bakinta ya ishi unguwa guda. Ba 'yar Kwarin-Rimi ba ce. A Jangaru aka binne cibiyarta, can gabas, bayan gonaki da dazuzzuka. Tana 'yar yarinya iyayenta suka gudo da ita a wata shekarar yunwa, kuma a cikinsu ba wanda ya sake komawa.

To, ga al'adar mutanen Jangaru. Garun jar ƙasa ne ya kewaye birninsu, kuma sau ɗaya tak ake yi masa sabon yaɓe a tsawon rayuwar mutum. In an tashi yi, kowane gida sai ya turo wanda aka haifa a cikin birnin ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓen. Sabon yaɓe yana rufe tafukan da. Saboda haka gidan da bai sa hannu ba har ƙasa ta bushe, an shafe shi ke nan, ba za a ƙara kiran sunansa a taro ba, a raba kangonsa ga wasu, a yi noma a kan kaburburansa. A gidan Gwadabe masaƙi kuwa, wato mahaifin kakata, ba haifaffen birnin da ya rage a duniya sai ita.

Wata safiya, damina ta kusa, ina zaune ina faci sai ga ta tana dogara sanda tana haki. Ta nuna mini shamuwa a kan rimin kasuwa. Ƙirjinsu da aka sani fari fat, na ga ya rine da jar laka.

"Maigida," in ji ta, don haka take kirana tun ina cikin tsumma, irin wasan kaka da jika, "an buɗe kududdufin Jangaru, a nan tsuntsayen nan suka yi wanka. An fara yaɓe. Ajiye wannan robar ka kai ni."

Na ce, "Amarya, ke da ko bakin rijiya ba kya kaiwa sai kin huta a hanya?"

"Shi ya sa na ajiye ƙato a gida. Tuwon da na ɗura maka ai ba sadaka ba ne."

Baffannina suka taru suka ce a nemo mota. Ta ce ba ta wucewa. Suka ce jaki. Ta ce shi ma ba ya wucewa, domin akwai kurmi a hanya wanda ba ya son kofato, ba ya son inji. Da ƙafa kuwa ruwan sama zai riga ta, ko mutuwa, ga shi kafin ruwan farko ake gama yaɓen. Abin da ke gudu bai cika surutu ba shi kaɗai zai kai ta, wato baƙin ƙarfen nan nawa. Suka koma kaina, wai zan kashe musu uwa a daji. Na ji zafin maganar. Na ɗaure matashi a kariya, na sassaƙa itace na yi mata wurin ajiye ƙafa, na shafe sarƙa da giris, na soke famfo a ɗamara. Da gari ya waye na ɗora ta, na ɗaure ta a bayana da zani kamar yadda ita ma ta taɓa goya ni, na yi bisimilla na taka.

Wanda bai taɓa ratsa karkara a kan keke ba, ban san yadda zan kwatanta masa daɗinta ba. Mai mota wucewa yake, mai ƙafa wahala ta hana shi kallo, amma mai keke komai nasa ne. Muka bi ta gonakin da aka share ana jiran ruwa, hayaƙin karmami yana tashi a miƙe don babu iska. Zabi suna tsallaka hanya a jere ba su ko kula mu. Muka ratsa ƙauyukan da suka girmi tarihi, masu rumbuna irin na mutanen farko, wani ƙauyen ma igiyar guga ta ci dutsen bakin rijiyarsa har hannuna yana shigewa cikin zanen. Mutanen can ba sa ɗaga murya. Sannu-sannu suke gaisuwa, su miƙo maka ruwa, su koma ga aikinsu. A duk faɗin ƙasar, amo ɗaya ke tashi, shi ne bakin Kaka. Ta kushe kunyar wannan manomi, ta yaba ɗaurin ɗankwalin waccan, ta ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da tulu, in na ƙara gudu kuma ta ce so nake in gaji sandarta.

A haka muka faɗa Ƙasar Share, ban ma san mun shiga ba. Na dai lura hanyar ta yi sumul, farin yashi lallausa, ba ko tsinke a kai. Na ji daɗi na saki keke. Da rana ta take muka ratse gindin wata tsamiya, muka ci ɗan guzuri, gyangyaɗi ya ɗauke mu.

Buɗe idon da zan yi sai na ga maza sun kewaye mu, kowa da taɓarya ko kulki, amma ba wanda ke kallon fuskarmu, duk ƙasa suke duba. A gabansu akwai wani dogon tsoho wanda wuyansa ya tanƙware saboda sunkuyo. Shi ne Sarkin Sawu. Ashe a ƙasar nan ba a tsaron ƙofa, ba a tambayar baƙo sunansa. Kullum da asuba sukan share hanyoyinsu, duk wanda ya wuce sai ya bar sawu, Sarkin Sawu ya bi ya karanta, ya san ko wane ne da abin da ya kawo shi.

Ya ce, "Macizai biyu sun hau mana hanya, mace da namiji, suna tafe suna nannaɗe juna. Mun biyo su har nan. Ga su can jingine da tsamiya. Ku kuma ban ga sawun da ya kawo ku ba. Mutane ne ku, ko mutanen ɓoye?"

Kafin in haɗa amsa Kaka ta miƙe, ta tuɓe takalmi, ta taka yashi ta yi 'yar tafiya har da rangwaɗa. "Ga shi nan, karanta, in dai ka iya."

Tsohon ya durƙusa ya daɗe yana dubawa. "Diddigen Jangaru ne, na masu cuɗa ƙasa da ƙafa. An fitar da ke kina ƙarama. Gwiwar hagu tana damun ki. Kuma, Iya, sauri kike yi."

Kaka ta zuba masa ido. Shekara da shekaru tana cewa ita 'yar Jangaru ce ana yi mata kallon mai tatsuniya, yau ga wanda bai taɓa ganin ta ba ya karanta a ƙasa. Ni ma na taka. Ya leƙa ya ce wannan mutum ne, sai dai ƙafarsa ta kusa manta ƙasa.

Mu mun tsira, saura keke. Dokarsu ita ce duk abin da ya ja ciki a kan hanyar da aka share, kashe shi ake yi. Na ga taɓare sun tashi sama, na san in suka sauka a kan tayoyin nan, gidan Gwadabe ya shafe a gindin tsamiya. Na yi tsalle na shiga tsakani.

"Ranka ya daɗe, gaskiyarka, macizai ne. Ni na kama su na naɗe su a jikin ƙarfe suke yi mini bauta. Amma in aka doke su, dafin da ke cikinsu zai fashe ya makantar da duk wanda ke nan. Tunda doka ce, a bar ni in kashe abina da hannuna."

Suka ja da baya. Na durƙusa, na yi 'yan surkulle don a ji tsoro, na kwance bakin tayar gaba. Iska ta fito da huci, jarumawan Ƙasar Share suka watse har wani ya bar taɓaryarsa. Na kwance ta baya ita ma. Tayoyi suka lafe. Na sa hannu na zaro robar ciki, baƙa, doguwa, laƙwas, na ɗaga sama kowa ya gani, sannan na rataya a wuya. Nan fa aka shiga yi mini barka. Aka kawo fura da gasasshiyar zabuwa, Sarkin Sawu da kansa ya ce bai taɓa ganin gardi irina ba.

Sai dai wayon ya zo da kuɗinsa. Matattun macizai ba sa tafiya, kuma ba halin in bar wani sawu sai na ƙafa. Haka na saɓa keke a kafaɗa, na goya Kaka a baya, na taka har ƙarshen hanyarsu, tana ta ce mini yanzu ne na zama cikakken jaki. Sai da na ga hanya ta koma mai tsakuwa da kashin awaki, sannan na mayar da roba na kama famfo, macizaina suka farfaɗo. Da na ɗaga kai na dubi gabas, na ga gajimare ya fara haɗa kai a gindin sama.

Daga nan na daina tsayawa kallo. Muka wuce wasu garuruwa da suka zama kufai, katangu a tsaye, ƙofofi a buɗe, kurciyoyi kaɗai ke ciki. Kaka ta rage surutu. Muna wuce wani kango da kuka ta tsiro a tsakar ɗakinsa sai na ji ta ƙara ƙanƙame ni.

"Ka ga wannan? Haka ake yi wa gidan da bai sa hannu ba." Ta nisa. "Ranar da Baba ya sa nasa, a kafaɗarsa nake zaune. Ya shafa mini sauran lakar a goshi, ya ce na gaba naki ne. Ka ji wauta, ya rasa wanda zai ɗora wa sai 'yar mitsitsiya."

Na ce, "Kaka, ko da haƙora zan ja keken nan, sai kin sa."

"To rufe baki ka taka, ba da baki ake hawa tudu ba."

Muka iso bakin Kurmin Barci da hantsi. Wata mata mai tsintar kaɗanya ta tare mu, ta ɗora yatsa a leɓe, ta yi mana bayani da raɗa. Itatuwan kurmin nan barci suke yi, kowanne ya kishingiɗa ya janye saiwarsa, shi ya sa hanya ta samu a tsakaninsu. In wani amo ya tashe su, sai su yi miƙa, saiwoyi su sarƙe, hanya ta rufe da duk wanda ke kanta, ba kuma za ta buɗe ba sai wata shekara. Kewayen kurmin kuwa tafiyar wata guda ce.

Na cire ƙararrawa na cusa a aljihu. Giris ya ƙare, sarƙa ta fara kuka, sai na karɓi man kaɗen da Kaka ke shafa wa gwiwa na shafe ta da shi, tana harara ta. Matar ta ɗaga bayan keken ta juya taya, ta kara kunne. Sai ga ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan da kowane keke ke yi in taya na gudu feda na tsaye.

Ta girgiza kai. "Wannan zai tashe su."

Na raɗa mata cewa ba ya yin haka sai in ƙafa ta huta.

"To kada ƙafarka ta huta. Birkin ma kada ka taɓa, na ji yana da tsuwa." Ta dubi Kaka. "Iya, ke ma sai haƙuri."

Kaka ta ce ita ai ba mai yawan magana ba ce. Na danne dariya da ƙyar.

Muka shiga. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani sai da dalili. Itatuwa manya-manya, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu ya fi rimin kasuwarmu, duk sun karkata sun jingina da juna. Ganyensu yana tashi yana sauka a hankali, numfashi suke yi. Ba tsuntsu, ba ƙwaro. Haske yana ɗigowa kore-kore a kan hanya. Ina jin bugun zuciyar Kaka a gadon bayana.

Hawan tudu bai dame ni ba, nan ne gidana. Na miƙe a kan feda na murza, gumi yana shiga mini ido. Gangare shi ne bala'in. Duk mai keke ya san gangare ladan tudu ne, nan ake sakin ƙafa a sha iska. Ni kuwa ba halin in saki, ba halin in ja birki. Keke yana ƙara gudu, dole ƙafata ta riga taya, in ba haka ba ƙas-ƙas ya tashi. Na juya feda, na juya, har na daina ganin gwiwoyina. Cinyoyina suka kama da wuta. Wani gangaren ya ƙare, wani tudun ya karɓa, wani gangaren ya sake buɗe baki. Rana ta hau tsaka ta fara karkata, ban tsaya ba, ban sha ruwa ba, ban ko goge fuska ba.

Har na fara hango hasken fita sai gumi ya ci amanata. Ƙafar dama ta zame daga feda. Ƙas-ƙas-ƙas.

Ɗan amon nan bai fi ƙiftawar ido ba, amma a wurin ya yi kamar an fasa tulu. Wani ƙaton maɗaci da ke gabanmu ya yi gurnani. Rassansa suka motsa. Saiwarsa guda, mai kaurin rumbu, ta fara ɗagowa daga ƙasa tana miƙewa a kan hanya, na kusa da shi su ma suka fara juyi. Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Na ce yau baffannina sun yi gaskiya.

Sai na ji wani siririn sauti a bayan kunnena. Kaka ce ta karya doka. Waƙar reno take yi can ƙasa-ƙasa, wadda take yi mini in na ƙi barci, tana jijjiga jikinta a hankali kamar mai goyo. Muna zuwa daidai saiwar ta miƙa hannu ta ɗan bubbuga ta, irin yadda ake bubbuga bayan jariri. Maɗacin ya ja dogon numfashi. Saiwar ta tsaya, ta yi lilo, ta koma ta kwanta, muka wuce ta gefenta har tana gogar mini ƙafa. Ta ci gaba da waƙar, kurmi ya koma barci. Ni ma idona ya fara lumshewa, sai da ta gantsara mini mintsini a haƙarƙari.

Muna fita fili na kwance zani, na sauke ta, na zube a ciyawa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Duk mazan da na gani a rayuwata, ban ga mai ƙafarka ba." Ba ta taɓa yaba mini ba sai ranar, kuma har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma. Sannan ta zungure ni da sanda, ta nuna gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a ƙarƙashinsa kuma ga wani jan layi ya miƙe daga kudu zuwa arewa.

La'asar sakaliya muka iso ƙofar yamma ta Jangaru. Garu ne mai tsayin giginya, ja wur, daga gindinsa har iyakar inda hannu ke kaiwa tafuka ne, manya da ƙanana, ba iyaka. Mutane sun taru a ƙofar. Magina suna wanke kwanduna, an gama aiki. Nan ne yanki na ƙarshe da aka yaɓe, kuma ina ganin yadda jansa ke komawa fari-fari daga sama.

Kaka ta ratsa taron da sandarta har gaban Sarkin Magina, wani kakkauran dattijo mai laka har gwiwar hannu. Ta ce, "Gidan Gwadabe masaƙi ya zo sa hannu."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Gidan Gwadabe? Iya, an ce mana kun ƙare. Yanzun nan za a kira gidaje, kuma babu shi a ciki."

"Wanda ya ce mun ƙare ya fito ya faɗa a gabana."

"In ke 'yar gidan ce, ina tafin ubanki yake a tsohon yaɓe?"

"Hagu da ƙofar nan, daidai kafaɗar mutum. Yatsa huɗu ne, babban ya bar shi a bakin kada."

Wani magini ya ce wallahi shi ya rufe tafin da hannunsa, har ya tsaya yana mamaki. Sarkin Magina ya russuna ya gaishe ta. Amma ya ce, "Kin makara ƙwarai, Iya. Ƙasa ta kama jikinta. Ba a ƙara mata ruwa, ba a sa mata ƙarfe ko itace. Gwada, in ta karɓa, to."

Ta miƙa mini sanda. Yatsunta sun ƙage saboda riƙon da ta yi mini tun daga gida, sai da na murza su kafin su buɗe. Ta je hagu da ƙofa ta ɗora tafinta, ta danna. Ta ɗaga, babu komai. Ta sake ɗorawa, ta haɗa da ɗayan hannun, ta jingina duk ɗan nauyin da Allah ya ba ta har ƙafafunta suna zamewa. Ta ɗaga. Ko inuwar yatsa ba ta fito ba. Iskar hadari ta fara kaɗa riguna. Ta juyo ta dube ni, na ga tsoro a idonta, abin da ban gani ba ko a gaban maɗaci.

"Korau," ta ce. Rabon da ta kira ni da sunana har na manta.

Na jefar da sanda na nufe ta. Sarkin Magina ya tare ni da hannu. "Samari, wanda ba a haifa a nan ba, ba ya sa hannu a garu."

"Ranka ya daɗe, garunku naku ne. Ni hannun kakata zan riƙe, kuma tun ina rarrafe nake riƙe shi, ba a taɓa hana ni ba."

Ya dube ni, ya dube ta. Sai ya juya mana baya, ya shiga duban hadari kamar bai taɓa ganin gajimare ba.

Ta ɗora tafinta, na ɗora nawa a kai. Hannunta ya ɓace a cikin nawa, ƙashi ne zalla da fata. Na danna kaɗan, garu bai motsa ba.

"Danna," in ji ta.

"Kaka, zan ji miki ciwo."

"Ƙashina ne ko naka? Na ce ka danna."

Na kafa ƙafar dama a baya, na sunkuyar da kai kamar zan hau tudun da ya fi kowane tudu, na tattaro ƙarfin da ya rage a cinyoyin nan na tura shi ta kafaɗa. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin tafina. Ba ta yi ko tari ba. Na so in saki, ta taka mini ƙafa. Na ƙara turawa. Sai na ji ƙasa ta saki, sanyinta ya ratso tsakanin yatsunmu.

Muka ɗaga. Ga ɗan ƙaramin tafi ya zauna daram, mai zurfi, ƙaramin yatsansa a karkace, don na karya shi. A kewaye da shi kuma ga kawunan yatsuna da gindin tafina sun fito, har da baƙin giris. Nan gunaguni ya tashi, wasu suna cewa hannun baƙo ya hau garu, a kankare. Sarkin Magina ya juyo ya duƙa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ban ga inda zan kankare nasa ban taɓa nata ba. Garu ya riga ya karɓa. A kira gidan Gwadabe."

Aka kira, ta amsa da muryar da aka ji har ƙofar gabas, tana riƙe da karyayyen yatsa a sama kowa ya gani. Mai ɗori ya zo, ta ce ya ɗaure amma kada ya miƙar, tana so ya yi daidai da na jikin garu.

Aka nuna mana kangon ubanta. Na zauna na yi mata rufin ɗaki guda, na gyara ƙofa, maƙwabta suka kawo tukunya da tabarma. Da ƙafafuna suka dawo daidai, na gyara matashi a kariya na ce ta zo mu kama hanya. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Maigida, ka je ka gaya musu amaryarka ta yi yaji, ta koma gidan ubanta. Kuma kada a turo biko."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Sai dariyar ta ƙwace mini ta zama kuka, ƙato da ni, na durƙusa na kifa kai a gwiwarta mai ciwo. Ta dafa kaina da hannun nan mai ɗori ta sa mini albarka, ta daɗe tana sawa. A can ta cika bayan damina biyu, aka kwantar da ita kusa da kakanninta, a ƙasar da ba wanda zai noma.

Duk wanda Allah ya kai shi Jangaru a cikinku, ya tsaya a ƙofar yamma, ya dubi hagu, daidai ƙirjin mutum. Zai ga ƙaramin tafi mai karkataccen yatsa a cikin wani babba. Ƙaramin na Ladingo 'yar Gwadabe ne. Babban nawa ne, ni Korau, da na kai ta. A nan na ja birki na sa ƙafa a ƙasa, Allah ya sa mu sauka lafiya.